Hannun Yahaya da Gonar Gandu

Madarumfa, ƙarshen daminar 1951

Zuwa ga Kawuna Garba, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga kawunshi, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sa albarka a cinikin goro, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya maido mamu da kai gida muna raye. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya yi kyau bana, tabki ya cika har ya shanye hanyar masu zuwa wanki, gero ya nuna, dawa tana bin bayanshi, wake ma ba laifi. Baba yana nan, gwiwoyin ne dai suka raba shi da gona, yanzu daga rumfa sai masallaci. Inna yayarka lafiyarta ƙalau, kullum sai ta yi zancenka idan ta ga goro. Matata Ladi ta yaye Audu, yaron har ya fara bin awaki da gudu. Goggo Inde ƙanwar Baba kuwa tana nan da bakinta, bai ragu ba.

Saƙonka ya iso ta hannun fataken nan mutanen Gabi. Agogon hannu na Yahaya, hula tawa. Na gode, Allah ya saka da alheri, hular ta yi mani daidai. Amma ɗan saƙon ya ce tambayar da ka fara yi mashi, tun kafin ka tambayi lafiyar Baba, ita ce yaya karatun Yahaya. Ban ga laifinka ba, Kawu, duk garin nan haka ake yi, kai ne dai na ƙarshe da na zaci zai shiga layin. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, da ajamin da na koya a makarantar allo. Ban kai wa mai rubutun kasuwa ba, don maganar da ke ciki ba ta kunnen kowa ba ce. Na san labarin abin da ya faru da hannun yaron nan zai zo maka ta bakin Goggo, da gishirinshi da barkononshi, shi ya sa na ga gara ka ji daga gare ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina ƙyashin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na daɗe ina yi.

Kai ne ka fi kowa sanin mafarin abin, tun da hannunka yana ciki. Ka tuna shekarar da gardin kumandan, dogarin Nasara, ya zo da ɗan saƙon mai gari, aka ce kowane gida mai 'ya'ya maza sai ya ba da ɗaya a kai lakwal, makarantar boko ta Maradi? Lokacin kowa ya ɗauka wanda aka kai lakwal ya tafi kenan, an yi asararshi, zai dawo ba salla ba noma. Baba ya raɗa maka magana, ka ɗauke ni cak ka jefa cikin rumbun gero, ka ce in na yi tari sai ka yanka ni. Ina ciki ƙaiƙayi yana cina na ji kukan Yahaya ana jan shi. Ranar na ji daɗi, Kawu, na ce ni ne ɗan so. To ga ɗan so nan yau, da kantar hauya a tafin hannu, wanda aka yar kuwa yana babbar lakwal ta Yamai, ana shirin kai shi Dakar ya zama lokotoro, wato likita. Ban ce kun yi da mugunta ba. Kun ɓoye abin da kuke so, kamar yadda kowa ya yi a shekarar.

Da ruwa ya zauna Yahaya ya zo hutu, da akwatin ƙarfe wanda sai da jaki ya durƙusa kafin ya tashi da shi. Ashe kaya biyu ya ɗauko. Na farko aikin hutu ne da malamansu suka ɗora masu: lissafi cike da wani kaye, littafin rubutu mai kauri, da kuma dogon bayani da Faransanci a kan yadda ake kamun kifi a tabkinmu, wanda sai ya bi masunta yana tambaya kafin ya rubuta. Ya ce ranar komawa ake karɓa, kuma wanda bai kawo nashi cikakke ba, ba za a sa sunanshi cikin masu jarrabawa ba. Na biyu shi ne jarrabawar kanta, ta shiga makarantar lokotoro, wadda za a yi jim kaɗan bayan sun koma. Ita kuma littattafanta daban ne, na ƙasusuwa da jini da haɗe-haɗen magani, kuma ya ce daga ƙasarmu duka 'yan kaɗan ake ɗauka, wanda ya faɗi ba ya samun ta biyu don shekaru sun wuce mashi. Ya zo da tsarinshi a kai: safiya ta littattafan jarrabawa, yamma ta aikin hutu. Gona ba ta cikin lissafinshi ko kaɗan.

Da ma a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma ka zo ka ga gidanmu. Aka share mashi gindin tsamiya, aka shimfiɗa tabarmar baƙi. Ƙwan zabin da Inna take hana kowa taɓawa sai ga shi a akushinshi, wai yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Nono mai kyau nashi ne, mu tsala. In yara suka yi hayaniya a kore su, lokotoro yana karatu. Mata suna zuwa da jarirai tun daga Safo ya duba masu ido, yana ta rantsuwa cewa bai san komai ba tukuna, su kuwa suna cewa kawaici ne irin na masu ilimi. Ladi ma, matar da na aura da gumina, ta shiga wasan ƙanin miji da ƙarfinta, tana wanke mashi fararen riguna tana kiran shi maigidana, tawa rigar noma kuwa sai na yi magana sau biyu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne Baba. Ka san alkunyar ɗan fari, tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ni ne wancan, ni ne yaron nan. Na san al'ada ce, ban ce ƙi ba ne. Amma ka dawo daga gona rana ta gasa ka, ka ji tsoho daga rumfa yana ta Yahaya, Yahaya, zo ka gaya mani yadda Yamai take, wallahi ko dutse ne kai sai ka ji wani abu.

Da lokacin maimai ya zo, ciyawa ta taso gadan-gadan, sai maganar gandu ta tashi. Tun da gwiwoyin Baba suka kwanta ni ke riƙe da gandu. Goggo ta zo ta ce Baba ya ce a gaya wa wancan, maganar ko Yahaya zai shiga gona ko ba zai shiga ba tana hannun mai riƙe da gandu, shi ba zai sa baki ba. Na san abin da yake so in ce. Ni kuwa na ce ka'idar gidan nan ba ni na kafa ta ba: duk namijin da ke ci daga rumbun gandu sai ya duƙa a gandu daga safe zuwa azahar, abin da ya rage na rana nashi ne, ya tafi gamanarshi ya noma abin kanshi. Ni gamanata gyaɗa ce, Yahaya gamanarshi littafi ne, sai ya jira azahar kamar kowa. Goggo ta riƙe baki, ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Na ce mata to madalla, gandu yana son taki. Babu wanda ya iya kama ni da laifi, Kawu, don maganata bisa hanya take, dattawan masallaci ma da suka ji sun ce ɗan fari ya yi gaskiya. Ni kaɗai na san ba don ciyawa na faɗe ta ba.

Na zaci zai kai ƙara wurin Baba, ko ya yi fushi in samu abin kamawa. Ina! Washegari ya riga ni fita, da hauyar aro a kafaɗa da wani tsohon wandona. Wannan haƙurin nashi ya fi zagi ciwo. Sai ya zama yamma ɗaya ce za ta ɗauki kaya biyu, kuma ka san taura biyu ba ta taunuwa. In ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, sai ya tsaya yana kallon akwatin nan, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Daga baya ya yanke cewa aikin hutu ne gaba, tun da in babu shi ko ƙofar jarrabawar ba zai gani ba. Sai ya riƙa tafiya bakin tabki yana bin masunta, su kuwa ka san su, ba sa magana sai sun gama gyaran koma, wani ma sai ya ce ya dawo gobe. Kafin ya dawo ya zauna kan lissafi rana ta yi ja, in ya buɗe littafin ƙasusuwa sai ka ga kanshi yana rinjaya. Na sha wucewa in gan shi yana barci da littafi a ƙirji, ƙudaje na yawo a kan hoton ƙwarangwal. Ba zan yi maka ƙarya ba, sanyi nake ji a raina.

Da ya ga haka sai ya koma yin tilawar littattafan jarrabawa a gona. Yana sara yana gunguni da Faransanci, kuyya bayan kuyya, ni ina gaba ina jin kalmomin da ban san kansu ba. Wata rana abin ya ishe ni, na juya na ce mashi in zagina yake yi ya yi da Hausa. Ya yi dariya, ya ce yadda jini ke zagaya jiki yake maimaitawa. Ya tsuguna ya zana zuciya a ƙasa da tsinke, ya nuna mani ɗakunanta, ya ce jini yana fita ta nan ya je huhu ya sha iska, ya dawo ta nan, sannan a tura shi har yatsan ƙafa, ya sake komowa. Kawu, a take na gane. Ban nemi ya maimaita ba. Har na tambaye shi me ke hana jinin komawa da baya, ya dube ni da mamaki, ya ce akwai 'yan ƙofofi masu rufe kansu, kuma tambayar nan ita ce malaminsu ya ce mai hankali ke yi. Shi yabona yake yi, ni kuwa kamar ya watsa mani ruwan zafi. Da a ce ban gane ba da na huta, in ce Allah ya ba kowa nashi. Ashe kan nan nawa zai iya ɗauka, ba a dai zuba mashi ba ne. Ranar ban ci tuwon dare ba, Ladi ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Cikin wannan zafin ne na kira gayya don babbar gonar nan ta hanyar Safo. Gonar tana buƙata, wannan gaskiya ne, amma akwai abin da nake nema bayan haka. Ka san fagen gayya nan ne kaɗai wurin da ba a haɗa ni da kowa a Madarumfa. Na ce bari garin nan ya ga 'ya'yan Baba biyu a kuyya ɗaya, a san wane ne namiji. Samari suka taru, 'yan mata suka kawo fura da ruwa, Dogo makaɗin noma ya zo da gangarshi. Na ja Dogo gefe na ce ya sa Yahaya kusa da ni, kuma kada ya raga mashi. Dogo kuwa abin nema ya samu. Ya saki kiɗa, yana yi mani kirari, yana juyawa kan Yahaya yana tambaya ko alƙalami yana kashe ciyawa, ko a Yamai da cokali ake noma. Fage ya ɗauki dariya. Na duƙa na saki jiki, ƙasa tana tashi, ina jira in ji an ce ɗan lakwal ya zube.

Bai zube ba. Na bar shi a baya nesa, amma duk sanda na waiga yana nan a duƙe. Noman 'yan kwanakin nan ya riga ya tara mashi bororo a hannu, ranar suka fashe gaba ɗaya, ƙotar hauya ta jiƙe da jini, samari suna ce mashi ya bari ya ƙi. Na kai bakin gona ni ne na fari, kamar kullum, na miƙe ina haki ina jiran guɗa. Da na duba, ba kowa a wurin sai Dogo, shi ma idonshi yana baya. 'Yan matan duk sun koma kuyyar Yahaya, wannan tana mashi fifita da mayafi, waccan tana share mashi gumi, suna rangaɗa guɗa suna lokotoro, lokotoro. Har tsofaffi suna cewa ɗan halak ne, boko bai kashe mashi zuciya ba. Ni da na ci fage ko ruwa sai da na ɗebo da kaina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda, amma a lokacin ba nadama nake ji ba, haushi ne tsantsa.

Bayan kwana kaɗan hannun dama ya kumbura har wuyan hannu, ya tara mugunya, zazzaɓi ya rufe shi. Inna ta yi ta shafe-shafe ba sauƙi. Ni na ɗora shi a jaki na kai shi asibitin Maradi, aka tsaga, aka wanke, aka naɗe, aka ce kada ya riƙe komai da shi sai ya warke sarai. Muka dawo gida. Ga lissafi bai kai rabi ba, ga bayanin kifi duk yana cikin kanshi bai sauka a takarda ba, ga littattafan jarrabawa ko kashi ɗaya cikin uku bai ci ba, hutu kuma ya juya baya. Gidan ya yi tsit. Inna ba ta ce mani komai ba, ka san ba za ta ce ba, amma in na shigo sai ta tashi ta shiga ɗaki. Goggo ce ta fanshe masu duka, a bakin rijiya, a gidan suna, ko'ina.

Wata yamma ina gamanata ina cirar ciyawa sai ga shi ya zo, hannu rataye a wuya da tsumma. Ya zauna a kan kututture ya ce ya yi shawara. Ya ce zai lallaɓa ya gama aikin hutu don ya fita lakwal da takardarshi, jarrabawar lokotoro kuwa ya haƙura da ita. Zai nemi aikin akawu a Maradi, kusa da gida, da damina ya riƙa zuwa yana kama mani gandu, don ya san shekara da shekaru gumina yake ci. Sai ya ƙara da maganar da ban taɓa zato ba. Ya ce kada in ɗauka ni kaɗai ke da ƙyashi. Ya ce ranar da gardi ya ja shi ya ga lokacin da ka rufe bakin rumbu, yaro ne amma ya gane an zaɓi wanda za a ajiye da wanda za a bayar. Ya ce a ɗakin kwanan lakwal ya yi shekaru yana kuka yana cewa me ni Shu'aibu na fi shi da shi. Ƙwan zabi da tabarmar baƙi, in ji shi, abin da ake yi wa baƙo ne, ni kuwa ko ba a kira sunana ba, ni aka miƙa wa gida.

Kada ka zaci na rungume shi muka yi kuka, Kawu, ba haka aka yi ba. Raina ne ya ɓaci fiye da kullum. Wai ni zai yi wa sadaka da lokotoron nashi? Ya zauna a Maradi yana auna gyaɗar mutane, kullum in gan shi, kullum garin nan ya nuna ni da baki a ce ga wanda ya karya mamu lokotoro? Na so in kayar da shi a fage, ban so ya kwanta da kanshi ya ce in taka ba. Kuma na tuna zanen nan na ƙasa. Mu biyu muke da kan da zai ɗauki abin nan, ɗaya an riga an rufe shi, in na biyun ma ya ajiye to gidanmu ya yi asara sau biyu, kuma ta biyun da hannuna. Na ce mashi ya tashi ya bar mani gona kafin in faɗi abin da ba shi da kyau. Na ce akawu ba a gidanmu ba, in ya ga dama ya faɗi jarrabawar a Yamai da hannunshi, amma ba zai faɗe ta a gindin tsamiya ya rataya mani ba.

Da magariba ta wuce na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban aiki Goggo ba, na je rumfa da kaina na durƙusa gaban Baba. Tsoho ya kawar da kai yana jan tasbaha, ni ma ina kallon ƙasa. Na ce mai riƙe da gandu ya sallami Yahaya, daga yau har ya koma ba shi ba hauya, ba shi ba ɗaurin dami, rabonshi na aiki yana wuyana. Sai ya ce wa bango, ba ni ba, Allah ya yi wa wancan albarka. Iyakar abin da na samu kenan, na tashi. Washegari na samu Yahaya na ce tun da hannu ba ya rubutu amma ido yana gani, ya rufe kayen lissafi da zancen kifi, ya kama littattafan jarrabawa safe da yamma har hannun ya saki, sannan ya juya ya biya bashin rubutu. Na hana mata masu jarirai shigowa, na ce lokotoro bai buɗe ba tukuna. Na je bakin tabki na ce wa masunta duk mai sauran magana ya zo gida ya faɗa, yaron nan ba zai ƙara bin kowa ba. Sun zo kuwa, don sun san halina.

Aikin mutum biyu ba ya ƙarewa da azahar. Na riƙa kaiwa la'asar a gandu, wani lokaci har rana ta faɗi, gamanata kuwa ciyawa ta gaje ta. Gyaɗar da na sa rai zan yi wa Ladi zane da ita in gyara rufin ɗaki, bana sai dai a ba awaki harawa. Ladi ta yi ƙunƙuni, na ce ta je maigidan nata ya saya mata. In na dawo a gajiye na gan shi a inuwa, ga agogonka yana walƙiya a hannun hagu, ga littafi a cinya, abin nan yana nan yana motsi a ƙirjina, bai tafi ko'ina ba. Sai dai yanzu in na ga kanshi ya fara rinjaya, ni ke buga ƙafa in ce ya tashi, ban bar gyaɗata ta mutu don ya yi barci ba. Da hannun ya fara saki ya koma rubutu, yana yi yana cije leɓe, harafin duk a karkace. Ya gama lissafin, ya gama bayanin kifin ana gobe zai tafi. Littattafan jarrabawa kuwa ya ce akwai ɗaya da bai kai ƙarshenshi ba, zai ƙarasa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, in hanya ta bari.

Ni na kai mashi akwatin Maradi. Yatsu biyu na hannun, ƙaramin da na kusa da shi, har yanzu ba sa lanƙwasawa sosai. A asibiti sun ce wataƙila su saki da motsa su, wataƙila su tsaya haka. Na tambaye shi ko ana ɗaukar lokotoro mai irin wannan hannu, ya ce bai sani ba, sai an duba su. Da kamiyo ya zo ya miƙo mani hannun don sallama, na kama a hankali, na ce mashi Allah ya kiyaye hanya. Ya ce in ya ci ni zai fara aiko wa. Na ce ya aika wa Baba, shi ne mai kiran sunanshi. Na koro jaki na dawo gida, na tarar Inna ta ajiye mani ƙwan zabi a akushi. Na ci, amma a raina na ce sai da baƙo ya tafi.

To Kawu, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yanzu haka jarrabawar ta kusa, ko ma an shiga. Na san kana tare da manyan malamai a Zango, ina roƙonka ka sa a yi wa Yahaya addu'a, Allah ya buɗe mashi abin da ya karanta da wanda bai kai ba, ya sakar mashi yatsun nan, ya sa sunanshi cikin waɗanda za a ɗauka. In ya faɗi, har in mutu ba zan san ko littafin da bai ƙarasa ba ne ko gayyar da na kira ce, kuma ba na jin zan iya ɗaukar wannan. In ya ci kuwa, na san ranar: za a yi guɗa tun daga ƙofar gida har bakin tabki, Baba zai yi ta kiran sunan nan, ni ina tsaye da lauje a hannu, kuma zai yi mani zafi, ba zan ɓoye maka ba. Zafi biyu ne a gabana, na zaɓi na biyun. Don haka addu'a biyu nake so. Ta Yahaya a yi ta a fili. Tawa kuwa ka yi mani ita kai kaɗai, tun da kai ka san inda abin ya faro: Allah ya sa ranar da labarin ya zo, in aka dubi fuskata a ga fuskar wan Yahaya, ba ta mai ƙyashi ba.

Ka gaishe mani da Inna Balaraba da kyau, da Hadiza da mijinta, da Musa, a ce mashi ya dage da karatun allo. Baba yana gaishe ka, Inna tana gaishe ka tana tambayar yaushe za ka zo, ta ce zumunta a ƙafa take. Goggo Inde ta ce a gaishe ka, sauran saƙonta kuwa ka ji shi da kunne ɗaya. Ladi da Audu suna gaisuwa. Duk mutanen Madarumfa da ke wurinku a gaishe su. In ka karanta wannan takarda kada ka ajiye ta inda wani zai gani.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka,
Shu'aibu